A Bar wa Rigar Makaranta Kalmasa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ba wani babban al'amari ba ne a idon mutane da dama. Magana ce a kan ɗan ninkin nan da tela yake yi a bakin riga ko a ƙafar wando, wato kalmasa. Ina roƙon mai karatu ya daure ya biyo ni, domin kuwa a hutun nan na ga yadda rashin wannan ɗan ninki ya kai yayata ga cin bashi.

A makon ƙarshe na watan Agusta ina gida a Ibadan, sai yayata ta ciro kayan makarantar 'ya'yanta biyu daga akwati, ta ce su zo su gwada. Duk shekara haka take yi, kuma duk shekara gabanta yana faɗuwa. Ƙaramin, ɗan shekara 7, ya sa gajeren wandonsa, aka yi aka yi maɓalli ya ƙi shiga. Ita kuwa babbar, 'yar shekara 11 da za ta shiga aji shida, tana zura rigarta sai ɗakin ya yi tsit. Rigar da bara war haka take sauka har ƙasan gwiwa, yau ta ɗangale. Yarinya ta tsaya tana jan bakin riga ƙasa, ta ƙi haɗa ido da kowa. Wannan fa ita ce jaririyar da nake goyawa in na taso daga makaranta, tana cusa mini yatsa a kunne. Ga shi yau kanta ya kai haɓata. Yayata ta yi dariya, ta ce da Yarabanci wai yarinyar nan cikin dare take girma. Can kuma dariyar ta ɗauke, na ga leɓenta yana motsi. Lissafi take yi.

Na ce ta kwantar da hankalinta, ai sai a kai wa tela ya saki kalmasa. Na karɓi rigar na juya cikinta waje. Babu komai. Layin ɗinki ɗaya ne siriri a can bakin yadin, ko faɗin farce ba a bari ba. Na duba gefe da gefe, nan ma an datse yadin dab da zare. Wanda ya ɗinka rigar nan bai yi niyyar ta ga shekara ta biyu ba.

Ba haka muka taso muka gani ba, alhali ni ma ba wata tsohuwa ba ce. Lokacin da nake firamare, launi da fasalin ɗinki kawai makarantarmu take faɗa, sai ta sayar da bajo. Mahaifiyarmu takan tafi kasuwar Gbagi, wadda ga mutanen Ibadan take kamar Kantin Kwari ga Kanawa, ta zaga, ta taya, ta yanko yadi. Daga nan sai Sabo, wurin wani dattijon tela da duk muke kira Baba. Ga wanda bai san Ibadan ba, Sabo ita ce unguwar Hausawa da ke kusa da Mokola, wadda aka kafa tun 1916. A shagon Baba na fara jin Hausa, kuma a bakinsa na tsinci wannan kalma ta kalmasa tun ban san zan karanci harshen a jami'a ba.

Baba yakan sa tef ya auna ni, ya faɗi awo, mahaifiyarmu ta ce ya ƙara. Ya ƙara inci biyu, ta ce ya daɗa. Sai ya yi dariya ya ce, "Iya, riga za mu ɗinka ko rumfa?" Duk da haka yakan bi umarninta, amma da dabara. Tsawon da ya ƙaru sai ya ninke shi ciki har sau biyu, ya bar sarari a gefuna, ya sa wa ƙugu maɓalli biyu, ɗaya na bana ɗaya na baɗi. Ba zan yi ƙarya in ce ina son abin a lokacin ba. Ranar farko nakan shiga aji kafaɗar riga tana zubowa, ina jin kamar kowa ni yake kallo, sai daga baya in lura cewa rabin ajin haka suke. Shekara tana zagayowa a saki ninki ɗaya. Inda tsohon ninkin yake sai ya bar wani layi fari-fari da dutsen guga ba ya iya gogewa, ƙasan layin kuma yadin ya fi sauran rigar duhu, tun da bai sha rana da sabulu ba. Riga guda ta kai ni daga aji uku zuwa aji biyar. In mahaifiyarmu tana guga takan ɗora yatsa a kan layukan ta ce, nan kike bara waccan, nan kike bara. Da na fi ƙarfin rigar, sai ta koma jikin 'yar ƙanwarta.

Yanzu bari in faɗa wa mai karatu abin da muka tarar a makarantar yaran yayata, wadda ba zan ambaci sunanta ba domin ba ita kaɗai take haka ba. Makarantar kuɗi ce ta masu ƙaramin ƙarfi, gidan haya ne aka mayar ajujuwa, iyayen yara kuma akasari 'yan kasuwa ne da direbobi da ƙananan ma'aikata. An miƙo mana takarda: yunifom saiti biyu, kayan wasanni na ranar Laraba, rigar Juma'a, suwaita, da safa mai ɗauke da sunan makaranta. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa a ofishin makaranta kaɗai ake saya, kuma duk yaron da ya zo da ɗinkin waje za a mayar da shi gida. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, wai bana an sauya launin suwaita da na kayan wasanni, saboda haka na babbar da muka yi niyyar ajiye wa ƙanenta sun tashi a banza.

Na tambayi matar ofis ko za ta sayar mana da yadin da bajo mu kai ɗinki. Ta ce doka ce daga sama. Na ce to a ba mu mai ɗan girma. Ta ce girma uku ne kawai, ƙarami, matsakaici da babba. Aka gwada babban, ya yi wa yarinya daidai cif, wanda duk uwa ta san ma'anarsa: kafin zango na biyu ya ƙare ya ɗangale. Yadin kuma roba ce zalla, irin wadda take manne wa yaro a jiki a zafin watan Maris. Da aka yi jimla, kuɗin ya kusa rabin albashin yayata na wata, ba a taɓa kuɗin makaranta ba, ba a zo kan littafi da takalmi ba. Ta roƙi uwar adashi a ba ta ɗauka kafin lokacinta, ragowar ta ranta a wurin aiki. Duk wannan kuwa a kan kayan da babbar za ta sa shekara ɗaya tak, tun da baɗi sakandare za ta tafi.

Ra'ayina shi ne, makaranta tana da ikon ta ce ga launi, ga fasali, ga bajo. Ba ta da hurumin ta ce ga inda za a saya.

Dalilina na farko jikin yaron ne, domin shi ba ya jiran albashi. Masana lafiyar yara sun nuna cewa tsakanin shekara 6 zuwa 10 yaro yakan ƙara tsawo kamar santimita 5 zuwa 6 a shekara, wato inci biyu da ɗan ɗoriya a tef ɗin tela. Idan yarinya ta doshi balaga, galibi wajen shekara 11 zuwa 12, takan iya ƙara santimita 8 a shekara guda. Namiji nasa yakan zo daga baya, wajen shekara 13 zuwa 14, kuma yakan fi haka. Ƙafa ma takan riga sauran jiki yin girma, shi ya sa takalmi yake fara matsewa kafin riga. Baba bai karanta wannan a littafi ba, amma ninkin inci biyu-biyu da yake yi ya zo daidai da shi. Ashe rigar da aka ɗinka babu kalmasa, an riga an yanke mata wa'adin wata tara ke nan tun daga kan teburin yanka. Idan kuma wanda ya yanke wa'adin shi ne zai sayar da ta gaba, kuma babu wani shagon da aka yarda a je, mai karatu ya yi wa kansa alƙalanci.

Na biyu shi ne halin da aljihu yake ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 cikin 'yan kwanaki, har ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024, shekarar da hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. A shekarar ce aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000. A irin wannan yanayi, makamin da ya rage wa uwa shi ne ƙafarta da bakinta: ta zaga kasuwa, ta taya, ta yi kamar za ta tafi a kira ta. A tagar ofishin makaranta babu tayi.

Na san masu makarantu suna da tasu hujjar, kuma ban ce duk ƙarya ce ba. Na taɓa koyarwa ta wucin gadi a wata ƙaramar makaranta lokacin da jami'a take rufe, na ga yadda mai makarantar take fama da kuɗin haya da na man janareta da albashin malamai, ga iyaye da ba sa biya sai ana gab da jarrabawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sukan ce in an bar kowa ya sayo yadinsa, shuɗi zai zama kala bakwai a filin taro. Wannan kam gaskiya ne, amma maganinsa mai sauƙi ne: a manna ƙyallen yadin a allon sanarwa, kowa ya yanki ɗan guntu ya tafi da shi kasuwa, kamar yadda mata suke yi in za a fitar da anko. In mata ɗari biyu za su iya fitowa biki da yadi iri ɗaya, ban ga abin da zai hana yara ɗari biyu ba. Hujjar da ba a faɗa a fili ita ce ta gaske, wato idan aka ƙara kuɗin makaranta iyaye za su gudu zuwa makarantar da ke bayan layi, saboda haka sai a bar kuɗin yadda yake, a ɓoye ƙarin a cikin safa da suwaita. To ni a nawa ganin gara a faɗi kuɗin makaranta na gaskiya tun a watan Yuli. Uwa ta san abin da take fuskanta, ta zauna ko ta tashi, ba sai ta biya ta gama ba a miƙo mata wata takardar.

Wani kuma zai ce wanda bai iya ba ya kai ɗansa makarantar gwamnati, ai dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas. Mai faɗin haka yana ɗauka makarantar kuɗi ta masu kuɗi ce. Ƙidayar da aka yi a Jihar Legas tsakanin 2010 da 2011 ta gano makarantu masu zaman kansu sama da 12,000, kuma da yawansu irin ta yaran yayata ne, suna cikin lungunan da makarantar gwamnati ta yi nisa ko ta cika ta batse. Iyayen da ke kai yara can ba alfahari suke saya ba.

Kada kuma a ɗauka ina adawa da yunifom ne. Ko kusa. Yunifom sutura ce ga ɗan talaka, domin ita take hana a gane wanda yake da riga goma da wanda yake da ɗaya. Rashinta kuwa yana hana yaro zuwa aji. Esther Duflo da Michael Kremer, waɗanda suna cikin mutum ukun da suka karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, sun yi wani bincike tare da Pascaline Dupas a makarantun firamare 328 na yammacin Kenya, inda aka raba wa ɗaliban wasu makarantun yunifom kyauta. Sakamakon da suka buga a 2015 ya nuna cewa barin makaranta ya ragu, haka ma ɗaukar ciki da wuri a tsakanin 'yan mata. Idan riga ɗaya za ta iya riƙe yarinya a aji, to tsadarta ma za ta iya korar ta.

Ba a makarantun kuɗi kaɗai aka gwada tattara ɗinki a hannu ɗaya ba. Maƙwabtanmu na Jihar Osun sun gani. A 2013 gwamnatin Rauf Aregbesola ta fito da yunifom iri ɗaya ga dukkan makarantun gwamnati na jihar, ana ɗinkawa a wata masana'anta a Osogbo, aka raba na farko kyauta. An yi ta ƙorafi, teloli da masu sayar da yadi suna cewa an raba su da cinikinsu, jama'a kuma suna cewa ba a iya gane ɗalibin wannan makaranta da na waccan. A 2020 gwamnatin Gboyega Oyetola ta soke tsarin, kowace makaranta ta koma kayanta na da. A Ingila kuwa, ƙasar da muka gaji yunifom daga gare ta, sai da majalisa ta yi doka a 2021 a kan tsadarsa. Ƙa'idar da ta biyo bayan dokar ta umarci makarantu su rage kayan da ke ɗauke da tambarinsu iya yiwuwa, su kuma tanadi hanyar da iyaye za su sami yunifom na hannu. Ma'aikatun ilimi na jihohinmu su ne suke ba makarantu lasisi, ba zai gagare su su sa irin wannan sharaɗi ba.

Wannan batu na kayan hannu ya kai ni ga wata kalma da nake so 'yan'uwana masu koyon Hausa su riƙe, wato kwance. Gwanjo shi ne tsohon kayan da ka saya a kasuwa, ba ka san wanda ya sa shi ba. Kwance kuwa kayan da wani naka ya sa ne, ya cire ya ba ka. Da Yarabanci mukan ce aloku ga abin da aka riga aka yi amfani da shi, kuma yara sukan mayar da kalmar abin tsokana, har ni an tsokane ni da ita. Amma a gidan da ake da yara huɗu, kwance shi ne yake sa kuɗin riga ɗaya ya yi aikin uku. Duk makarantar da ta sauya launi ba tare da dalili ba, wannan igiyar ta tsinke, kuma ba a gida ɗaya ba, a unguwa gaba ɗaya.

Abin da ya sa na kawo maganar a wannan mujalla shi ne, da yawa daga cikinmu aji za mu shiga in mun gama, kuma aikin farko da malamin harshe yake samu sau da yawa a irin waɗannan makarantu ne. Sabon malami shi ake tsayarwa a bakin ƙofa ranar Litinin ta farko, a ce ya duba safa. Ni an taɓa tsayar da ni. Na mayar da wani yaro gida saboda safarsa fara ce amma babu sunan makaranta, ya juya bai ce komai ba, kuma har yau ina tuna bayan wuyansa. Ba zan ce wa kowa ya yi faɗa da mai biyansa albashi ba. Amma malami yana da baki a taron malamai, yana da baki a taron iyaye, kuma zai iya ajiye kwali a ofis inda 'yan aji shida za su bar kayansu in za su tafi.

Takalmi ne kawai makarantar ba ta kama ba tukuna, saboda haka a kansa yayata ta huce haushinta. Mun shiga kasuwar Dugbe tun da hantsi, ta taya shago biyar kafin ta tsaya a na shida. Ƙaramin aka sa masa sandal ɗinkin Aba, ta danna babban yatsanta a gaban takalmin, ta ga akwai sarari, ta ce a ba da na sama da shi, za a cusa auduga. Da aka zo kan babbar sai ta noƙe kafaɗa, ta ce ita ba za ta ƙara sa mai maɗauri ba, na yara ne, sau-ciki take so. Yayata ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai kuma ta tsaya tana kallonta. Ta biya kuɗin sau-cikin ba ta ko taya sosai ba. A hanya na miƙa hannu in kama nata za mu tsallaka titi a Mokola, ta zame a hankali ta kama na ƙanenta.

Baba yana nan a shagonsa, sai dai yanzu jikansa ne yake zura masa zare a allura. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "A'a, 'yata, 'yar jami'a, an tuna da mu?" Ya dubi yarinyar, ya dubi yayata, ya koma Yarabanci ya tambaye ta ko wannan ce wadda aka zo da ita a goye. Na miƙa masa tsohuwar rigar da sabuwar. Ya juya su, ya bi bakin ɗinkin da yatsa, ya girgiza kai ya ce, "Wannan ai ba tela ba ne ya yanka, ɗan kasuwa ne." Na tambaye shi yadda ciniki yake a wannan wata. Ya nuna mini igiyar da a da ake rataye yunifom har ta lanƙwashe, guda huɗu ne a kai.

Wandon ƙaramin ya ce zai matsar da maɓalli ya saka ɗan ƙyalle a baya, zai kai Disamba. Ita kuwa tsohuwar rigar, tun da ba a sauya launinta ba, ya sa almakashi ya yanko faffaɗan ƙyalle daga ƙasanta, ya naɗe ya sa a leda, ya rubuta alama da alli. Ya ce in sabuwar ta ɗangale sai a jona mata, a yi ɗinkin ta ciki yadda mai duba safa ba zai lura ba. Sannan ya sa tef ya auna yarinyar, ya ce ta fi ni tsawo lokacin da nake kamarta. Na ce ban yarda ba, yayata ta goyi bayansa. Ya rataye ledar a ƙusa, ya ce mu dawo a watan Janairu.